Kwalabe Bakwai na Ruwan Kalaba

Na fara bin Gwaggo Yalwa a shekarar da motoci suka koma tuƙi a hannun dama, kafin a karɓe mana sule da fam a ba mu naira. Lokacin da aka yanka jiha aka ce Bauchi ce babban birni, ma'aikata suka cika gari suna neman ɗakin haya, na riga na fara ɗaukar faifaina ni kaɗai. Wanda yake son shekara da lamba ya tambayi Walida, jikata, ita ce ke riƙe da biro tana rubuta abin da nake faɗa. Ni ban shiga aji ba, kuma rashin shigar bai taɓa sa na kwana a daji ba.

Walida da ƙawayenta ne suka jawo wannan magana. Sun je Yankari kwana biyu, sun ɗauko hoton giwa ta baya da hoton ƙafafunsu a cikin ruwan ɗumi, suka sa a waya, mutane suka yaba. Shi ke nan suka dawo suna cewa ba da labarin tafiya ba wani aiki ba ne, kowa ma zai iya. Na ce su zauna. Na tambaye su sunan matar da ta sayar musu da ƙosai a Dindima, ba su sani ba. Na tambaye su a ina suka yi sallar azahar, suka kalli juna, ɗaya ta ce ai wannan ba ya shiga cikin hoto. To, 'yan nan, ku ajiye wayoyin a ƙasa, ba za su gudu ba.

Asalin sana'ar dillanci ce. Gwaggo Yalwa ƙanwar babana ce, dillaliya. Tana zuwa Kano da Jos da Maiduguri, har Anaca, ta saro atamfa da kwanuka da turare, ta bi gidajen da mata ba sa fita. Amma dillalai sun yi yawa a unguwarmu ta Gwallaga, kuma atamfar kowa iri ɗaya ce. Abin da ya sa ake shimfiɗa wa Gwaggo sabuwar tabarma, a leƙa ta katanga a kira maƙwabta, labarin hanya ne. Matar da ba ta taɓa wuce Ƙofar Wunti ba, in Gwaggo ta zauna da ita tsakanin azahar da la'asar, sai ta tashi ta san gangaren Jos kamar ita ta yi amai a kansa. Kayan ana saye, amma labarin ake jira.

Aikin farko da ta ba ni, ta aike ni tashar jirgin ƙasa ba saƙo. Ta ce in je in dawo kawai. Da na dawo ta ce me na gani, na ce ba komai, jirgi bai zo ba. Ta ce in koma. Na koma na dawo na ce na ga mutane suna jira. Ta ce in sake komawa. Rana ta take, ƙafata ta yi bororo. A karo na uku na tsaya na zuba ido saboda haushi, na ga wata tsohuwa ta ɗaure kaza a ƙafar jikarta don kada ɗayansu ta ɓata, na ga mai shayi yana wanke kofi goma da ruwan kofi ɗaya, na ga wani ya sa sabon takalmi a ka yana tafiya ƙafa ba komai. Da na faɗa mata, ta ce to yanzu na je tasha, sau biyun farko ƙafata ce kawai ta je. Shekara uku ina ɗaukar mata kaya ban buɗe baki a gaban mata ba. In mun fito daga gida sai ta ce in maimaita mata labarin da ta bayar, duk inda na ƙara gishiri ta ja mini kunne, duk inda na rage ta ja ɗaya kunnen. Ku duba, har yau na dama ya fi tsawo.

Kayan aiki ba su da yawa. Akwai buta, domin mace ba ta shiga mota ba buta. Akwai goro, ba don ci ba, don buɗe bakin wadda kuka zauna kusa. Akwai bakin mayafi, inda ake ƙulla sunayen garuruwa, ƙulli ɗaya gari ɗaya, har a isa masauki a bi su da yatsa a maimaita. Babba a cikinsu faifai ne da 'yar jakar fata. Duk garin da ƙafata ta taka sai na ɗauko wani ƙaramin abu na jefa a jaka: tsakuwa mai ƙyalli daga Jos, ƙayar kifi daga Baga, guntun baƙin zare daga marinar Kano, farar katantanwa babba daga bakin teku a Ikko. In na zauna ba da labari sai in jera su a faifai yadda hanya ta jera su, in ɗauki ɗaya, garin ya dawo mini da warinsa da hayaniyarsa. Ku kuna rubutu a takarda, ni rubutuna a faifai yake, kuma ba a taɓa ɗauke mini wuta a tsakiyar karatu ba.

Wurin zama a mota ma ilimi ne. Ba a zama gaba. Wanda ya zauna gaba kwalta kawai yake gani da bakin direba. Ana neman tsohuwar da za ta sauka a garin da za a wuce, a zauna kusa da ita, a fasa goro, a yi shiru. Kafin a yi tafiyar awa ɗaya za ta faɗa miki wace rijiya ce ke da ɗaci a garinsu, da dalilin da ya sa ba sa aurar da 'ya'yansu a garin gaba.

Gwaggo tana da dokoki, kuma ba ta faɗarsu sau biyu. Ba a fara labari daga isa, ana farawa daga ɗaure kaya, domin mai sauraro ta samu ta ɗaura nata. Ba a zagin tuwon kowane gari, domin a cikin masu sauraro akwai wadda 'yarta ke aure a can. In tukunya ta kira matar gida, a tsaya a jira ta, ba a wuce gada ba ita. Kowane gari kuma sai an faɗi inda aka yi alwala, da wadda ta ba da ruwan, da abin da aka ci, domin mace in ta ji labarin wani wuri, abin da take tambayar kanta a ɓoye shi ne, ni in na je yaya zan yi? Ta ƙarshe ita ce mai nauyi: abin da bai shiga jaka da hannunki a garinsa ba, ba ya hawa faifai.

Masu sauraro iri-iri ne. Matan cikin gari suna son su ji farashi da yadda ake ɗaurin ɗankwali. Matan Fulanin da suka zauna a gari, ko labarin Ikko kike bayarwa sai sun tambaye ki shanun can da ƙiba. A Shadawanka, wajen matan sojoji, nan ne ake zufa, domin kowace daga wani gari take, kina cewa kasuwar Inugu tana hannun hagu wata za ta ajiye tsintsiya ta ce dama. Har gidan rediyo an taɓa kai ni, aka sa ni a ɗaki mai sanyi aka ce in yi wa ƙarfe magana, kuma in daina motsa faifai yana ƙara. Na ce su kawo mini ko mai shara ce ta zauna a gabana. Aka kawo ta, sannan labari ya fito. Ba a ba da labarin hanya sai ana ganin fuskar da ake ɗauka a motar.

A cikin duka babu kamar Inna Balaraba ta Fadaman Mada. Tun tana cikin gari take sauraron Gwaggo, da ɗanta Alhaji Sani ya yi gini ya ɗauke ta, ni na gaje ta. Ba ta taɓa fita Bauchi ba, amma ta fi direbobi sanin hanya, duk daga faifai. Ba ta katse mutum. Tana zaune da carbi, ido a lumshe, sai ka ce barci take, in kin tsallake gari ɗaya ta buɗe ido ɗaya.

Mummunar shekarata ita ce shekarar da man fetur ya yi wuya, motoci suna kwana a layi, kananzir ya ɓace mata suka koma girki da garin katako. A farkonta na zame ina saukowa daga bayan babbar mota, ƙashin ƙafata ya karye. Wata bakwai ban wuce Ƙofar Wunti ba, ni da nake yi wa wasu dariya. Da na fara dogara sanda na koma gidaje da tsofaffin labarai. Mata suna da kunya, ba za su ce sun gaji ba, sai dai ki ga an fara tsintar shinkafa kina tsakiyar gadar Makurɗi. Wata yarinya kuma ta fara shiga da kaya daga Kwatano, ba ta iya labari ba, amma nata sabo ne. A wani gida na ga an shimfiɗa mata tabarmar da ake shimfiɗa mini.

A wannan lokacin ne aka yi wa mijin Hadiza, autar Inna Balaraba, canjin wurin aiki. Soja ne a Shadawanka, aka tura shi Kalaba, ya tafi da ita da ƙaramin ciki. Ranar wata Laraba, tsakar gida cike da mata, Inna ta buɗe ido ta ce, “Asabe, kin taɓa zuwa Kalaba?”

Ban taɓa ba. Iyakata ta hanyar can ita ce Makurɗi, inda nake saro doya. Amma na ga duk hannayen da ke tsintar shinkafa sun tsaya. Na ji bakina ya ce na taɓa, tun da daɗewa, sai dai abin garin yana wata jaka a gida, Laraba mai zuwa zan kawo.

Washegari na dogara sanda zuwa wajen Ɗanjuma, wani direban babbar mota a unguwarmu da ke kai shanu kudu. Na fasa masa goro, ya ba ni Kalabarsa: inda ake samun mai, inda ake tsayar da motoci, tudun da ke ƙona birki. Na tambaye shi ruwa, ya ce akwai ruwa mai yawa, har da jirage. Na ce a raina, ruwa da jirage ai teku ke nan, teku kuwa na san shi. Ranar Laraba na ɗauki farar katantanwar Ikko na ɗora a faifai na ce ga Kalaba. Na zuba musu farin yashi, na tayar musu da igiyar ruwa mai tsawon katanga, na ce ruwan gishiri ne zalla, ana ɗiba a kwalba a kai gida don ciwon ƙafa da ƙaiƙayi. Wallahi labarin ya yi kyau. Ban taɓa ba da wanda ya kai shi santsi ba, domin babu wata gaskiya a ciki da za ta yi mini tuntuɓe. Aka bar shinkafa kaji suka ci. Inna ba ta buɗe ido ba ko sau ɗaya, na ɗauka daɗi ne.

Bayan wata huɗu saƙo ya zo cewa likita ya hana Hadiza doguwar tafiya, ba za ta zo gida haihuwa ba. Haihuwar fari, a garin da ba ta da kowa, babu mai yi mata wankan jego. Inna ta ce za ta je. Alhaji Sani ya ce ba zai sa tsohuwa a hanyar kwana biyu a wannan wahalar mai ba, shi kuma aiki ba zai bar shi ba, sai dai in akwai wanda ya san garin da ƙafarsa. Inna ta ce akwai. Aka aiko kirana.

Alhaji Sani ya durƙusa ya gaishe ni a zaure, ya ce, “Gwaggo Asabe, don ke ce kawai na yarda. Tunda kin san wurin, ga amanar uwata.”

Ku da kuke cewa abin ba wuya, ku faɗa mini me za ku ce a nan. In na ce ƙarya na yi, Inna ba za ta je ba, Hadiza za ta haihu a hannun baƙi, faifaina kuma ya mutu a Bauchi, domin wanda ya ji Kalaba ƙarya ce zai tambayi Jos ma. In na yi shiru, zan ja tsohuwa da ƙafa ɗaya da rabi zuwa inda ban sani ba. Na ce Allah ya kai mu lafiya.

Na wuce Shadawanka wajen Maman Eno, wata 'yar Kalaba da ke sayar da garin rogo a bakin bariki. Na ja ta gefe na ce ta lissafa mini garuruwa daga Makurɗi. Tana faɗa ina ƙullawa a mayafi: Gboko, Katsina-Ala, Ogoja, Ikom, Ugep. Ta ce in na isa in nemi Bogobiri, nan Hausawa suke. Sannan na tambaye ta ta wace unguwa ake zuwa bakin teku. Ta dube ni da Hausarta ta bariki ta ce, “Mama, wane ya gaya maka akwai teku? Kogi ne. Teku yana gaba, sai ka shiga jirgi.” Na ce na sani, gwada ta nake.

Na koma gida ina addu'a Inna ta manta da zancen teku. Ranar tafiya na same ta a tsakar gida da buhu a gabanta. Kwalabe ne guda bakwai, an wanke su tas, kowace da zare mai launi a wuya don a gane mai ita. Matan gida da maƙwabta ne suke son ruwan teku. Inna ta ce ita ta tuna musu, kada a yi tafiya irin wannan a dawo hannu biyu. Ta ce ni zan riƙe buhun, ita carbi ya cika mata hannu.

Har Makurɗi ni ce sarauniya. Na nuna mata gangaren Jos, ta ce ta gane shi. Na kai ta gidan da nake alwala a Lafiya, matar gidan ta rungume ni. A kan gada Inna ta leƙa Binuwai ta ce daidai yake da na faifai. Daga Gboko aka fara. Duk inda muka wuce sai ta taɓa ni ta ce nan ne na ce akwai kaza? In ce an canja hanya. Can gaba ta ce ina tudun da ke ƙona birki? In ce an fasa shi. Ta gyaɗa kai ta ce lallai gwamnati tana aiki a wannan ɓangaren. Kwalabe kuwa suna ƙara a kan cinyata duk ramin da muka faɗa.

A Ogoja mai ya ƙare, direba ya ce sai gobe. Fasinjoji suka watse, aka bar mu a bakin hanya da kaya, ga hadari ya haɗo. A nan ne shekara ukun Gwaggo suka yi aiki. Ban tambayi kowa ba tukuna, na tsaya na zuba ido kamar ranar tashar jirgi. Can na hango wani mutum ya fito daga bayan shago da buta a hannu, hannun rigarsa a naɗe, gemunsa da danshi. Na ce Inna tashi. Muka bi shi a baya har wani lungu, sai ga masallaci na kwano da masu sayar da albasa. Matar mai unguwarsu, Hajiya Tabawa, mutuniyar Azare, ta ba mu ruwan zafi da ɗaki, ta yi mana tuwon shinkafa da miyar da manja ya yi mata yawa. Da safe ta sa aka saka mu a motar da ke da mai. Na ga Inna ta buɗe ido biyu tana kallona.

Mun isa Kalaba ana ruwa kamar an huda sama. Daga Bogobiri aka raka mu bariki. Kwana biyu da isarmu Hadiza ta haifi 'ya mace, a hannun uwarta. Inna ta kama aikin wanka da kunun kanwa, ni na kama yawo da sanda, ina ƙulla mayafi. Na yi alwala a bayan shagon wata mai ɗinki da ba ta jin Hausa, ta kawo mini ruwa a roba ta tsaya ta tare ni da zanenta. Na ci miyar ganye mai ƙananan katantanwa baƙaƙe da ake tsotsa, na wanke ɗaya na jefa a jaka.

Ana gobe suna da hantsi, Inna ta yafa mayafi ta ce in ɗauko buhu mu je teku. Muka shiga mota muka sauka bakin ruwa. Kogi ne mai faɗi, ruwansa kamar kunun da aka tsinka, kwale-kwale suna kai da kawowa, daji ya rufe ɗaya gefen. Babu yashi fari, babu igiya ko ta tsawon tabarma. Inna ta tsuguna ta ɗiba a tafin hannu ta ɗanɗana. Ta ce gishirin bai ji ba, ko shi ma gwamnati ta gyara?

Na ajiye buhu na ce, “Inna, ban taɓa zuwa garin nan ba sai da ke.”

Ta goge hannu a zane ta ce, “Na sani tun ranar. Shekara ashirin ina jin ki, ba ki taɓa kai mu gari ba sai kin faɗa mana inda kika yi alwala da wadda ta ba ki ruwa. Kalaba kaɗai kika shiga kika fita ba ki yi salla ba. Na ce wannan labarin direba ne.”

Na tambaye ta me ya sa ta yi shiru, har ta yarda ta biyo ni. Ta ce da ta tona ni, Sani ba zai bar ta ta zo ba, ita kuwa ba wanda ya san gari take nema ba, wadda ta iya shiga garin da ba ta sani ba take nema, kuma ta gani a Ogoja. Na ce to kwalaben fa? Ta ce wannan don in ji nauyinsu ne.

Sannan ta ce akwai gishiri a ɗakin girkin Hadiza, rabin buhu. In ina so mu cika kwalabe mu zuba, babu mai ganewa a Fadaman Mada, ita kuma ba za ta faɗa ba har ta mutu. Ita za ta zauna sai an yi arba'in, ni ce zan koma bayan suna, ni kaɗai zan shiga gidan. Ta ce in zaɓa, faifaina ne. Na cika kwalabe bakwai da ruwan kogi. A daren tafiya na tsaya a gaban buhun gishirin nan fiye da yadda zan so Walida ta rubuta. Ban taɓa shi ba.

Ranar Larabar da na koma, tsakar gidan ba masaka tsinke. Na fara daga ɗaure kaya kamar kullum. Na jera hanya a faifai, da na zo ƙarshe na ɗora katantanwa biyu, fara babba da baƙa ƙarama. Na ɗaga farar na ce wannan ta Ikko ce, na ɗora ta da sunan Kalaba ban taɓa zuwa ba, labarin da suka bar wa kaji shinkafa saboda shi, rabi na Ɗanjuma ne rabi nawa. Na kife ta. Na ɗaga baƙar na ba su Kalaba ta gaskiya, da ruwan sama, da mai ɗinki da zanenta, da jaririya mai kunnen kakarta. Na miƙa wa kowace kwalbarta na ce ruwan kogi ne, ba ya maganin komai. Wata ta buɗe ta ɗanɗana ta tofar. Matar Alhaji ta ce ashe har Jos ɗin ma sai a bincika. Na ce a bincika.

Ashe Alhaji Sani yana zaure yana ji. Da na fito ya tare ni, bai durƙusa ba wannan karon. Ya ce na ɗauki uwarsa na kai ta inda ban sani ba, da wani abu ya same ta fa? Na ce gaskiyarsa. Ya ce zai nemi wanda ya san hanya ya ɗauko ta. Na ce ya nema. Ya shiga lissafin mutanen da ya sani, na ga lissafin bai yi nisa ba.

“Yanzu dai kin taɓa zuwa?”

“Na taɓa.”

“To, ranar arba'in ki je ki ɗauko ta. Kuma ba kwalba.”

Gida biyu ba su sake shimfiɗa mini tabarma ba har yau, kuma ban ga laifinsu ba. Sauran, shekara da shekaru, in na zauna na ce wane gari za mu, sai su ce a kai su Kalaba, amma a fara daga ta ƙaryar.

Gwaggo Yalwa ba ta ga wannan ba, ta riga ta rasu, shi ya sa kunnena na hagu ya tsira. Inna Balaraba ta rasu shekara shida bayan haka, ta sake zuwa Kalaba sau ɗaya kafin nan, ta kuma gyara mini labarin sau ba adadi. Maman Eno sun koma garinsu da mijinta ya bar aiki, ban sake jin ɗuriyarta ba. Ɗanjuma yana nan a Gwallaga, ido ya tafi, yana zaune a ƙofar gida, har yanzu yana rantsuwa shi bai ce teku ba, kuma gaskiyarsa. Alhaji Sani yana nan, ya yi furfura, ya koma durƙusa mini. Hadiza tana Fadaman Mada da jikoki. Jaririyar nan kuwa malamar asibiti ce yanzu, sunanta na yanka Balaraba, amma duk dangi Kalaba suke ce mata. Kwalba ɗaya mai jan zare tana ɗakin uwarta, ruwan ya ƙafe saura laka a gindi.

Sai ni, da faifai, da farar katantanwa da har yau a kife take hawa. Walida ta ce in ba ta ita ta ɗauki hotonta ta sa a waya. Na ce ta fara komawa Dindima ta tambayo mini sunan mai ƙosai.